Haɗa Motar Tseren Juriya Mai Turbo a Garejin Gida

A shekarar 2006 Jay Lamm, wani marubuci kan harkar motoci, ya ƙirƙiro gasar tsere a jihar Kalifoniya ta Amurka mai suna 24 Hours of Lemons. Babban sharaɗinta shi ne kada kuɗin sayen motar da na ƙara mata gudu su haura dala 500. Kayan kare rai da birki da tayoyi ba sa cikin wannan lissafi, amma turbo da tarkacensa suna ciki. Wanda alƙalai suka ga ya zarce, sai su zabtare masa zagaye ɗaya a kan kowace dala 10. Galibi ana raba tseren gida biyu, Asabar da Lahadi, kimanin awa 14 gaba ɗaya, direbobi suna karɓa-karɓa. Motar da ta tara zagaye mafi yawa ita ke ci. Don haka wadda ta kwashe awa guda a rumfar gyara saboda tiyo ya fashe ta riga ta faɗi, komai gudunta.

Wannan jagora ta mai son haɗa irin wannan mota ce da hannunsa, ya kuma sa mata turbo. Aikin turbo sananne ne ga duk bakaniken da ya taɓa buɗe injin tirela: hayaƙin da inji ke fitarwa yana juya wata farfela, ita kuma tana juya 'yar uwarta da ke ɗaya bakin sandar, wadda ke cusa iska cikin inji. Iska ta ƙaru, a ƙara fetur, ƙarfi ya ƙaru. Ɗaura shi a jikin inji aikin kwana biyu ne. Abin da ke cin watanni shi ne hanyoyin da za su kai masa mai da ruwa, su kwashe zafin da ya haifar, su kuma jure jijjiga daga safe har yamma. Ko manyan kamfanoni sun sha wuya a nan. Porsche ce ta fara cin tseren Le Mans na Faransa da mota mai turbo a 1976. A 1977 Renault ta zo da motocinta Alpine A442, ta daɗe tana kan gaba, amma ko ɗaya ba ta kai ƙarshe ba. Sai a 1978 ta samu nasara.

Misalin da zan bi shi ne Mazda MX-5, wadda Amurkawa ke kira Miata, ta farkon fitowa mai inji lita 1.6 da ƙarfin doki 116. Nauyinta bai kai tan ɗaya ba, kayan gyaranta sun cika filayen matattun motoci, kuma injinta ɗan gidan injin Mazda 323 mai turbo ne, shi ya sa yake da 'yan bututun da ke fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistin don sanyaya shi. Mai lafiya ta fi dala 500 nesa ba kusa ba, sai dai doka ta yarda ka sayi wadda ta yi haɗari ko ta tsufa, ka sayar da kujeru da fitilu da rufi da na'urar sanyaya ɗaki, ka cire abin da ka samu daga lissafi. Ka adana rasit na komai. Kafin ka biya, tayar da injin ka kalli fulin da ke gaban kuranshaf. Idan yana rawa, bar ta, domin waɗanda aka ƙera a 1990 zuwa farkon 1991 sun yi ƙaurin suna da lalacewar wannan wuri.

Kejin ƙarfe da kujerar tsere da bel da na'urar kashe gobara da makunnin da ke yanke wutar mota gaba ɗaya, su ne farko, kuma kejin aikin ƙwararren mai walda ne wanda ya karanta littafin dokar gasar. Ba wurin koyon walda ba ne. Birki ma a gama da shi kafin a taɓa inji.

Daga nan sai ka yanke shawarar yawan iskar da za ka cusa, domin duk sauran aikin a kanta ya dogara. Ana auna ta da PSI, awon da mai faci ke duba taya da shi. Shawarata kada ka wuce 6 zuwa 7. Da wannan za ka iya sa ran ƙarfin doki tsakanin 150 da 170, wanda ya ishi mota marar nauyi ta wuce abokan karawa a miƙaƙƙiyar hanya. Masu haɗa motar titi sukan kai 12 ko 15 su zauna lafiya, saboda suna taka totur na daƙiƙa goma ne su saki. Motar tsere kuwa da ta fito daga kwana sai a sake taka ta, haka za a yi ta yi har mai ya ƙare. Akwai kuma lissafin fetur. Tankin wannan mota lita 45 yake ci. A ce tana shan lita 20 a awa, za ta yi awa biyu kafin ta tsaya. In ta koma shan 30, awa ɗaya da rabi ke nan, wato ƙarin tsayawa biyu ko uku a tseren, kowace tsayawa kuma mintuna ne da ba za a maido ba.

Ƙaramin turbo za ka nema, irin Garrett T25 na injin Nissan ko Mitsubishi TD04 da ake samu a Volvo da Saab da Subaru. Ka kama sandar da yatsu biyu. Motsi kaɗan gefe da gefe ba laifi ba ne ga turbo mai bushi, tunda mai ne ke cike wannan tazara idan inji na aiki, muddin farfelar ba ta gogar jikin gidanta. Motsin ciki da waje kuwa alamar mutuwa ce. Ka haska tocila a gefen hayaƙi ka duba tsagewa. Manifol ɗin da zai ɗauke shi gara na zubin ƙarfe mai kauri da na siraran bututu da aka yi wa walda, ko da na biyun ya fi kyan gani.

Cire injin daga motar. Mutane da yawa sukan yi ƙoƙarin yin komai yana ciki, amma rabin ayyukan da ke tafe suna bayan inji ne ko ƙarƙashinsa. Yana waje sai ka canja kuloci da bel ɗin taimin da famfon ruwa da duk robar da ke tare mai.

Baƙin mai shi ne ran turbo. Sandarsa tana juyawa sama da sau 150,000 a minti, hayaƙin da ke bi ta gefenta yana iya wuce digiri 900 a ma'aunin Salshiyas, kuma abin da ke raba ƙarfe da ƙarfe ɗan siririn mai ne kawai. A injin 1.6 akwai wata kafar mai da aka toshe da noti a gefen salansa, can wajen baya. Daga nan ake ɗauka. Tiyon tsere ana auna shi da lambar AN, kowace lamba ɗaya kashi ɗaya ce cikin 16 na inci. Na shigar da mai lamba 4 ya isa, wato kusan milimita 6, mai cikin Teflon da saƙar waya a baya. Turbo mai bushi yawanci ba ya buƙatar a rage masa mai. Mai boris kuwa yana son matsattsiyar kafa ta kimanin milimita 1 a bakin shiga, don matsin man da ke isa gare shi ya tsaya wajen PSI 40 zuwa 45. Idan notin da ka samu yana da 'yar rariya a ciki, cire ta: ranar da ta toshe, turbo zai ƙone ba tare da geji ya nuna komai ba.

Hanyar dawowar man ta fi ta shigarsa wuyar sha'ani, kuma a nan yawancin masu farawa ke kuskure. Famfo ne ke tura mai ya shiga, amma babu abin da ke tura shi ya fita. Kamar indararo yake: gangara kaɗai ke tafiyar da shi, in ya samu wurin kwanciya sai ya taru ya koma baya. Ga shi kuma ya fito da kumfa, ya fi yadda ya shiga cika wuri. Saboda haka tiyon ya zama lamba 10, kusan milimita 16, ya sauko kai tsaye ba lanƙwasa mai kaifi, ba inda ya kwanta, ba inda ya ɗaga, ya kuma shiga kaskon mai a saman inda mai ke tsayawa. Juya tsakiyar turbo har bakin fitar man ya dubi ƙasa. Abin da ke tare mai a cikin turbo ba roba ba ce, 'yan zobban ƙarfe ne irin na fistin, kuma ba sa iya riƙe man da ya taru. Da zarar hanyar ta cushe sai ka ga shuɗin hayaƙi a salansa, a ɗauka turbo ya mutu, a sayo wani, shi ma ya yi hayaƙi.

Kaskon man Miata na alminiyon ne, sai an huda shi. Wasu sukan huda yana jikin inji, su shafa giris a bakin abin hudawa don ya kama ɓarɓashi. Ban yarda da wannan ba ga motar tsere. Bututun da famfo ke zuƙar mai yana daf da bangon kaskon daga ciki, kuma ɗan ƙwarzane a jikinsa ya isa ya sa famfo ya riƙa zuƙar iska. Sauke kaskon, ka huda a kan tebur, ka sa a yi wa bakin walda, ka wanke da kananzir har sai farin ƙyalle ya fito tas. Tunda yana hannunka, ƙara masa faifan da zai hana mai gudu gefe guda ko gaba idan an sha kwana ko an taka birki da ƙarfi.

Akwai wani abu da ke toshe hanyar dawowar mai ba tare da ya taɓa tiyon ba, shi ne iskar da ke sulalewa ta gefen fistin zuwa cikin inji. Turbo yana ƙara ta. In ba ta samu mafita ba sai ta tokare man da ke saukowa, ta tura sandar auna mai waje, ta fasa robobi. Faɗaɗa mafitar da ke kan murfin inji, ka kai ta wani gwangwani da zai tara tururin mai, ka ɗaure gwangwanin nesa da salansa. Ka kuma tabbatar bawul ɗin da ke tsakanin murfin da manifol ɗin shigar iska yana rufewa sosai idan an busa shi ta baya, in ba haka ba iskar turbo za ta bi ta nan ta cika injin.

Na'urar sanyaya mai dole ce. Ana sa wani faifai tsakanin filta da jikin inji, mai tamostat a ciki, tiyo biyu masu lamba 10 su kai mai gaba su dawo da shi. Zafin da ake so tsakanin digiri 100 ne da 120. In ya doshi 140 man ya tsinke. Wata ƙaramar shawara da ke ceton inji: kada ka ɗaura na'urorin auna matsin mai a kan doguwar mahaɗar tagulla da ke fitowa daga jikin inji. Nauyinsu da jijjiga za su karya ta, mai ya tsiyaye cikin ƙasa da minti ɗaya, injin ya buga. Ja ɗan tiyo zuwa jikin mota ka ɗaure su a can.

Sai ruwa. Wannan inji asalinsa an tsara shi ne ya kwanta a gicciye a motar da ke ja da tayoyin gaba, ruwa ya shiga ta wannan baki ya fita ta wancan. Da aka miƙar da shi a Miata, sai aka sa ruwan ya shiga ta gaba ya kuma fita ta gaba, silinda ta huɗu da ke can baya ta zama ita ce ke samun rabo mafi ƙanƙanta. A titi ba a ganin illar. Da turbo a filin tsere, ita ce ke fara ƙwanƙwasar da ke fasa fistin. Maganin shi ne a toshe mafitar gaba, a mayar da tamostat bayan kan inji, a ja dogon bututu ta gefen shigar iska ya dawo saman lagireto. Da kayan matattun motoci ake haɗa shi, kuma a ganina babu aikin da ya fi shi riba a duk motar. Kada a cire tamostat gaba ɗaya kamar yadda ake yi wa motocin haya.

Lagireto babba na alminiyon yana taimakawa, amma girmansa bai kai muhimmancin iskar da ke ratsa shi ba. Iska tana bin inda ya fi sauƙi. In akwai tazarar yatsa uku a gefe, ta nan za ta wuce. Yanka falankin alminiyon ko roba mai tauri ka yi akwati daga bakin mota zuwa fuskar lagireto, sama da ƙasa da gefe biyu, ka cike sauran kafofi da soso. Mayar da faifan ƙarƙashin inji da masu gyara ke yawan jefarwa. Ka buɗe wa iskar mafita a kan bonet, bayan lagireto kaɗan, ba can kusa da gilashi ba, domin a gindin gilashi iska shiga take yi. Gasar ta hana ruwan sanyi mai sinadarin gilaikol saboda santsinsa in ya zube a hanya, don haka ruwa zalla za ka zuba. Murfin lagireto mai riƙe PSI 16 yana ɗaga tafasar ruwa zuwa kusan digiri 120, shi ya sa ɗan yoyon da ke zubar da matsi ya fi haɗari fiye da yadda ake zato.

Idan turbo ɗinka yana da kafofin ruwa, haɗa su, kada ka toshe. Dalilin yana cikin dokar gasar kan shan mai: sai an kashe inji, direba ya fito, mutum ɗaya yana zubawa, wani yana tsaye da abin kashe gobara. Wato motar da ta fito daga gudu, manifol ya yi ja, za a kashe ta nan take. Mai ya daina zagayawa, zafin gefen hayaƙi ya gangaro tsakiya ya dafa ɗan man da ya rage har ya zama gawayi. Ruwa yana hana wannan ko da famfo ya tsaya, in dai an karkata tsakiyar turbo kimanin digiri 20 ba tare da bakin fitar mai ya daina duban ƙasa ba, ruwa ya shiga ta kafar ƙasa ya fita ta ta sama, tiyon fita kuma ya ci gaba da hawa. Ruwan da ya yi zafi zai tashi da kansa ya jawo mai sanyi. Duk da haka a gaya wa kowane direba ya sassauta ƙafa a rabin zagayen ƙarshe kafin ya shigo.

Iskar da aka matsa tana zafi. A ranar da zafin gari yake digiri 30, turbo mai cusa PSI 7 zai fitar da ita a wajen digiri 80. A PSI 14 za ta wuce 120. Iska mai zafi ita ke kawo ƙwanƙwasa, ƙwanƙwasa kuma ita ke fasa fistin. Intakula ke sauke wannan zafi, amma tunda a gaban lagireto yake zama, duk abin da ya ƙwace na iska lagireto ne ya rasa. Ɗauki matsakaici, kada ya rufe fuskar gaba ɗaya. Bututun inci 2 zuwa 2.5 ya isa.

Bututun nan kullum ƙoƙarin zamewa suke daga robar da ta haɗa su. A bakin bututu mai faɗin inci 2.5, PSI 7 yana turawa da nauyin da ya kai kilo 15, ga inji yana girgiza, ga tururin mai yana sa santsi. Kowane baki sai an yi masa ɗan tudu a zagaye, ko da na'ura ko da ɗigon walda, kilif ya zauna a bayan tudun. Yi amfani da robar silikon mai zare a ciki da kilif mai noti, ka goge bakin da fetur ya bushe kafin ka sa. Intakula yana jikin mota, inji kuma yana motsi a kan kujerunsa, saboda haka a bar wa kowane gefe roba mai ɗan tsawo da za ta sha wannan motsi.

Ƙananan tiyo masu kaurin fensir su ne suka fi kowa ɓarna. Ɗaya yana zuwa gwangwanin da ke buɗe ƙofar da hayaƙi ke kauce wa farfela idan iska ta kai iyaka. In ya zame, ƙofar ba za ta buɗe ba, iska za ta yi ta hawa har wani abu ya karye. Wani yana zuwa na'urar daidaita matsin fetur, wani bawul ɗin da ke sakin iska idan an ɗaga ƙafa, wani kwamfutar inji. Kowanne a ba shi kafarsa, a gajarta shi, a ɗaure bakinsa biyu da kilif ko waya. Na ƙofar hayaƙi a sa masa rigar kare zafi. Kuma a zaɓi sifirin ɗin ƙofar ya zama daidai da iskar da ake so, ba tare da wata na'urar ƙari ba. Abin da babu shi ba ya lalacewa.

Ɓangaren fetur gajere ne amma ba ya yafiya. Sabon famfo a tanki, sabuwar filta, nozul da suka fi na asali girma yadda ba za su wuce kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na iyawarsu ba. Na'urar daidaita matsi ta riƙa ƙara PSI ɗaya na fetur a kan kowane PSI ɗaya na iska. Tiyon ya zama na injin nozul, mai lamba SAE 30R9, na cikin tanki kuma 30R10, domin na waje yana narkewa in ya jiƙu a fetur. Idan tanki ya yi ƙasa, doguwar kwana takan kwashe man gefe guda famfo ya zuƙi iska. Inji marar turbo zai yi tari ne kawai, mai turbo kuwa yana iya ƙona fistin. Gwada ka san a lita nawa motarka ke fara wannan, ka riƙa shigowa kafin nan.

Kwamfutar asali ba ta san da turbo ba. Masu ƙaramin ƙarfi sukan yi amfani da MegaSquirt, wadda ake iya saye a warwatse a haɗa da hannu. Tana buƙatar na'urar auna zafin iska a bayan intakula da na'urar auna cakuɗar iska da fetur a salansa. A tafiyar yau da kullum cakuɗar kashi 14.7 na iska ne ga kashi 1 na fetur. Idan turbo ya cusa, a sauko wajen 11.5 zuwa 12, a ja lokacin tartsatsin fulogi baya, a bar tazara mai yawa tsakaninka da inda ƙwanƙwasa ke farawa. Saita kwamfutar ta yanke fetur in iska ta haura iyaka da PSI 2 ko 3, ta kuma rage ƙarfi da kanta in ruwa ko iska sun yi zafi. Fulogi a sa mai sanyi da mataki ɗaya, a ɗan matse bakinsa.

Notocin da ke riƙe turbo a jikin manifol su ne sanannen ciwon Miata mai turbo a filin tsere. Ƙarfen gama-gari idan ya yi ja yana miƙewa a hankali, noti ya saki, hayaƙi ya fara busawa ta tsakani, daga nan turbo ya rataya. Ƙara ɗaurewa ba ya magani. Sai sandunan Inconel, ƙarfen da ke jure wuta, da abin kulle noti na ƙarfe. In kuɗinka zai sayi abu ɗaya tak mai tsada, su ne. Goge fuskar turbo da ta manifol su yi sumul. Sa gaɓa mai lanƙwasuwa a bututun salansa na farko, ka tallafe shi a jikin giya don nauyin salansa kada ya rataya a wuyan turbo. A Miata ta Amurka, mai sitiyari a hagu, tukunyar man birki tana daf da turbo. Yi mata garkuwar falanki mai tazarar iska a tsakani, ka naɗe tiyon hita da wayoyin da ke wajen.

Wasu ƙa'idoji sun shafi kowane tiyo a motar. Mahaɗar AN tana rufewa ne da bakinta mai gangarar digiri 37, ba ta son farin tef; mahaɗa mai haƙoran bututu ita ce ke son abin liƙi, kuma kada a haɗa AN da mai digiri 45 don sun yi kama. Tiyo mai saƙar waya yana cinye duk abin da ya goga, har alminiyon da wayar wuta, saboda haka a ɗaure shi da maƙali mai roba a kowane taƙi ɗaya ko biyu. Duk wanda ya tashi daga inji zuwa jikin mota a bar masa sassauci. Kada fetur ko mai su bi ta saman salansa, inda ɗigo ɗaya zai zama gobara.

Direban da ke tsakiyar motoci da yawa ba ya kallon allurar geji. Sa masa manyan fitilu a gaban ido: ɗaya ta faɗuwar matsin mai, ɗaya ta zafin ruwa, ɗaya ta faɗuwar matsin ruwa. Ta ukun ita ce mutane ke mantawa. Idan tiyo ya fashe ruwa ya zube, na'urar auna zafi ba ta cikin ruwa kuma, sai allura ta tsaya cak ko ma ta sauka alhali kan inji yana narkewa.

Kafin tayarwar farko, zuba mai a bakin turbo ka juya farfelar da yatsa. Cire tiyon dawowa ka sa shi a gora, ka yanke fetur da wutar fulogi, ka yi ta ba da kai har mai ya zubo. Sannan ka toshe bakin shigar iska na turbo da murfi mai bawul ɗin taya, ka hura PSI 10 da kwamfuresa, ka fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda ke yoyo za ka ga kumfa tana tasowa ƙanana-ƙanana tana taruwa, wani lokaci a wurin da ba ka taɓa zato ba, kamar gindin nozul ko sandar totur. Haka za ka matsa hanyar ruwa da famfon gwaji ka bar ta minti goma ka ga ko allura za ta sauka. Ɗaga gaban motar yayin cika ruwa don iskar da ta maƙale a bayan kan inji ta fito.

Tayar, bari ya yi zafi, kashe, bari ya huce, sake ɗaure notocin hayaƙi da kilif duka. Maimaita sau biyu ko uku. Ja layin fenti a kan kowane noti zuwa jikin abin da ya riƙe, yadda kallo ɗaya zai nuna wanda ya motsa. Bayan haka kai motar filin tsere a ranar gwaji ka ƙone tanki guda cur ba tsayawa, domin zafin mai yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya nuna inda zai tsaya. In ya tsaya, ka samu mota. In yana ta hawa, koma kan akwatin iska kafin ka zargi wani abu.

Ranar tsere ka zo da na biyun kowane tiyo an riga an yanka shi daidai, da kilif, da turbo na ajiya, da giyar baya in ka samu, tunda ta 1.6 ƙarama ce kuma ta motar 1.8 ta fi ta ƙwari. A kowace tsayawa, bayan an gama zuba mai an rufe tanki, mutum ɗaya ya buɗe bonet ya duba sandar mai da gwangwanin tururi da layukan fenti. Daren Asabar, idan inji ya huce, a zubar da abin da gwangwanin ya tara, a bi kowane tiyo da hannu daga baki zuwa baki ana neman inda ya yi laushi ko ya goge, a cire fulogi huɗu a jera su bi da bi. In na huɗu ya fi sauran fari, ko aka ga ɗige-ɗige kamar barkono a jikin farin kaskonsa, a ƙara wa injin fetur, a ja tartsatsi baya da digiri 2 kafin a fita ranar Lahadi.